Hannun Daman Makari

"Hannuwa sama!"

Ɗakin da ke ƙarƙashin cocin ya kaure da ihu. Yara suka zabura daga kan benci, kowa ya ɗaga hannun dama ya juyo da wuyan hannun waje, ƙananan gicciyen jarfa suka jeru shuɗi-shuɗi kamar tsuntsaye a kan waya.

"Wa ya san ku?" in ji malamarsu Ilariya, wadda suke kira Tasoni, wato 'yar'uwa.

"Yesu!"

"Wa yake ƙaunarku?"

"Yesu!"

"Da me zai gane ku a ƙofar sama?"

"Da wannan! Da wannan! Da wannan!"

Ita ta ƙirƙiro wasan da kanta. Lokacin da Abuna Bisada, limamin cocin, ya damƙa mata ajin ƙanana na makarantar Lahadi, wadda a ƙauyen ranar Juma'a ake yin ta, ta tarar da yara ba su da aiki sai dambe a kan alewa da hotunan waliyyai. Ta yi wa'azi, ta yi tsawa, ta yi lallashi, duk a banza. Ran da ta ce su ɗaga hannu su dubi gicciyen da aka zana musu tun suna goye, ran nan ajin ya zama nata. Yanzu har iyaye mata suna ba ta labarin yadda yara ke tara awaki a gida suna yi musu "hannuwa sama".

Murya ɗaya ce babu yau. Can ƙarshen benci, jikin taga, wurin Makari ne, ɗan shekara goma da bakinsa ba ya rufuwa. Shi ne idan kowa ya ɗaga hannu yake haɗawa da ƙafa. Shi ne ya taɓa tambayarta ko Allah yana ƙaunar jakin maƙwabcinsu duk da halinsa na harbi. Tun da ƙurar dutse ta cinye ƙirjin ubansa Wasif, Makari ya hau dutsen da ake yanka farin bulo a jikinsa, yana kwasar bulon a bayan injin zarto, wai zuwa a koma makaranta. Mai wurin kuwa ya ce aiki ya yi yawa, ko Juma'a babu hutu.

Ba ta kai ga cewa su zauna ba sai suka ji hon. Dogo ne, ba ya yankewa, yana gangarowa daga hanyar dutse. Duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙauyen nan ya san fassararsa: zarto ya ci wani.

"Kada wanda ya motsa!" ta ce, amma ita ta fara kaiwa ƙofa.

Titi ya cika da mata, wasu da ƙullu a hannu, wasu ko takalmi babu. A-kori-kura ta shigo da gudu, bayanta maƙil da ma'aikata fari fat, ƙura ta rufe su tun daga gashi har farce, ba ka raba tsoho da yaro. A tsakiyarsu an kwantar da wani an lulluɓe shi da bargo har kai. Ƙafafu biyu ne kawai suka leƙo, ƙanana, farare kamar na kowa. Gida nawa ne ba shi da yaro a dutsen? Kowace uwa tana bin motar tana kururuwa, "Waye? Don Allah ku faɗa mana, ɗan waye?"

Uwa ɗaya ce ba ta tambaya ba. Ummu Makari ta taho daga bakin tanderu, ta keta matan kamar wuƙa a cikin kabewa, tun motar ba ta tsaya ba ta cafki ƙarfen baya, ta rungume ƙafafun nan.

"Makari! Ɗana! Ya Budurwa Maryamu, Makari!"

"Ku ɗora ta ku ba ni hanya!" direban ya daka tsawa. Ramzi ne, ƙanen Ilariya. Ya leƙo ta taga, idanunsa jajur a cikin farar fuska. "Hannu ne, Yaya. Na dama. Ya tafi."

A asibitin birni likitoci suka daidaita abin da zarto ya bari, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu. Ma'aikata suka sauko da hannun a naɗe cikin ƙyalle, Wasif ya kai shi makabartar gidansu da ke gindin dutse ya binne, yana tari yana kuka. Kwanakin farko kowa ya ce an auna arziki. Daga nan zazzaɓi ya sauka. Likita ya ja Wasif gefe ya ce ƙura ta shiga ciwon, guba ta bi jini, suna ba da maganin da suke da shi, sauran kuma na Allah ne.

Abuna Bisada ya tafi asibitin da jibin Ubangiji, tsarkakakkiyar gurasar da ake ba masu bi, a ƙaramin akwatin azurfa rataye a wuyansa. Ya dawo da shi yadda ya tafi da shi. A harabar coci ya tare Ilariya.

"Yaron da ke bin bayana yana jan rigata don in ba shi gutsuren gurasar albarka, yau da ya hango ni sai ya ƙwalla ƙara ya juya wa bango fuska. Ya ce kada in matso. Ba ya magana da uwarsa, ba ya magana da ubansa. Ke yake kira, 'yata. Me ke tsakaninku?"

"Ban sani ba, Abuna."

Washegari da hantsi ta sani.

Ta same shi ya zama rabin kansa. Leɓɓansa sun tsage, dungulmin yana naɗe da bandeji a kan matashi, an soka masa allurar ƙarin ruwa a wuyan hannun hagu. Uwarsa tana zaune a ƙarshen gado riƙe da ƙafafunsa, kamar tun ranar motar ba ta sake su ba.

"Tasoni, matso," ya ce. Da ta sunkuya sai ya rage murya. "Ina suka kai shi?"

"Wa?"

"Hannuna."

"Babanka ya binne shi kusa da kakanka. Har addu'a aka yi."

"To shi ya samu shiga ke nan." Ya yi wani abu mai kama da dariya. "Hannu yana ciki, mai hannu yana waje."

"Wace irin magana ce wannan, Makari? Kai da za ka warke ka dawo ka ci gaba da cika mana kunne?"

"Na ji abin da likita ya gaya wa Baba. Sun zaci barci nake." Ya tsura mata ido. "In na je ƙofa za a ce hannuwa sama. Me zan ɗaga, Tasoni?"

Ilariya ta dafa ƙarfen gado.

"Haba, ƙanena, ai wannan wasa ne kawai muke yi a aji."

"Wasa?" Idanunsa suka buɗe. "Wa ya san ku, wasa ne? Wa yake ƙaunarku, shi ma wasa ne?"

Da hannunta ta tufka tambayoyin nan uku igiya ɗaya, Juma'a bayan Juma'a, har suka zama abu guda a kan yaran. In ta zare ta ukun yanzu, sauran biyun za su biyo ta, kuma yaron da ya rage masa kwana kaɗan zai tafi hannu wofi.

"A'a," ta ce. "Ba wasa ba ne."

"To kin gani."

Ya fara juyawa wajen bango. Ta kama kafaɗarsa, maganar ta kuɓuce mata kafin ta auna ta.

"Za a yi maka wani gicciyen. A hagu."

Ya tsaya. "Na hagu ana karɓa?"

"Ana karɓa."

"Ki rantse."

"Ka san ba ma rantsuwa. Amma yau rana ba za ta faɗi ba sai na kawo maka Ammu Nashid har bakin gadon nan."

Ramzi yana shan shayi a jikin motarsa a ƙofar asibiti. Da ya ji inda za su, sai da ya ƙware.

"Ammu Nashid mai jarfa? Yaya, rana ta buge ki ne? Bikin Maryamu ya wuce, ya naɗe rumfarsa, sai baɗi. Mutumin nan kamar jinjirin wata yake, sau ɗaya ake ganinsa a yi guɗa."

"Yana da gida ko a sama yake kwana?"

"Ƙetaren kogi, an ce."

"To tayar da mota."

"Mai motar fa? Ya ce in kwaso masa bulo."

"Ka gaya masa bulonsa ya ci hannu ɗaya, ya ƙoshi na mako guda. Tayar!"

Suka kama jirgin fito yana shirin tashi. A ƙetare suka yi ta tambaya daga mai shayi zuwa mai aski har aka nuna musu gidan. Matar Ammu Nashid ta leƙo ta taga ta ce ba ya nan, an ɗauke shi wani ƙauye inda aka yi wa jarirai baftisma, ku bi gonakin rake, in kun ji kukan yara kun iso.

Haka kuwa aka yi. A wani tsakar gida suka same shi, tsoho ƙato mai gashin baki kamar tsintsiya, zaune a kan akwati, injin allurarsa yana zuzu daga batirin mota. Mata sun yi layi da jarirai cikin fararen kaya, duk wanda aka gama wa sai a rangaɗa guɗa ta danne kukansa. Ilariya ta wuce su duka ta tsaya a kansa.

"Layi, 'yata, layi," ya ce bai ɗago ba. "Ko bishop ne ya zo sai ya bi bayan waccan mai jan ɗankwali."

Ta zayyana masa komai a tsaye. Ya kashe injin, ya girgiza kai.

"Ba na sa allura a jikin mai zazzaɓi. Kuma hagu? Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. Ki je ki ce wa Abunanku ya yi masa bayani, ai aikinsa ke nan, don shi ya tara gemu."

"Ya ƙi ganin Abuna."

"To ke da kika ɗaure ki kwance."

"Na gwada, Ammu. In na kwance, komai zai zube."

Ya ɗago ya dube ta sosai a karo na farko. "Ɗan wa kika ce?"

"Ɗan Wasif mai tari. Makari."

"Makari? Wani mai kunnuwa kamar faranti?" Ya miƙo babban yatsansa, wani ɗan tabo yana kwance a gindinsa. "Kin ga wannan? Shi ne! Sai da ya yi wayo aka kawo mini shi, don ubansa ya yi alkawari sai a bikin Maryamu za a yi masa. Uban ya danne shi, ni na kama hannu, ɗan banza ya kafa mini haƙori har ƙashi. Da na gama kuma ya share hawaye ya duba, ya ce ya yi kyau, nawa zan yi wa akuyarsu?"

Ya fashe da dariya, matan layi suka taya shi. Dariyar ta yi ta raguwa har ta mutu a cikin gashin bakinsa. Ya dubi yatsan.

"Wannan hannun ne ya tafi?"

"Shi ne."

Ya jawo gwangwanin kayan aikinsa ya rufe. Mata suka yi caa.

"Haba Ammu, tun safe muke tsaye!"

"Jariranku hannu bibbiyu gare su, su jira. Kai direba, tsaya kallona za ka yi? Ɗauki batir!"

A bakin kogi suka tarar jirgin yana can ƙetare, wata motar rake ta maƙale a bakinsa. Ramzi ya yi ta danna hon yana zagin kakannin mai raken. Ilariya kuwa rana kawai take kallo tana sauka a kan dabinai. Da suka haye, ya tuƙa motar kamar wanda ya sato ta, Ammu Nashid yana rungume da gwangwaninsa yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

A ƙofar ɗakin marasa lafiya wata nas mai suna Nagat ta tare su, ta dubi batirin da ke kafaɗar Ramzi.

"Nan asibiti ne ko gareji?"

"'Yar'uwa, don girman Allah," in ji Ilariya.

"Na san yaron, ni nake kwana a kansa. Ku shiga, amma batirin nan ya tsaya a waje. Kuma ku ji da kyau, jijiyar da ke hannun hagun nan ita kaɗai ta rage mana. Wanda ya kusance ta da allura, ni da shi ne."

Ammu Nashid ya leƙa ta labule. Ya daɗe yana kallon hannun, ya kumbura, fatar tana sheƙi, duk ta yi tabon allurai. Ya ja Ilariya baya.

"Ba zai yiwu ba, 'yata. Ko ita ba ta hana ba, in na huda fatar nan jinin ba zai tsaya ba." Ya buɗe gwangwani ya ɗauko wani ɗan tambarin katako da ya yi baƙi don tsufa. "Amma ga dabara. Da wannan nake fara buga zanen kafin in bi da allura. In buga masa da tawada, in ɗan dandanna da gindin allura. Yaro ne, zazzaɓi yana kansa, ina zai sani?"

Ta san amsar da ya kamata ta bayar. Ta dubi taga, hasken ya yi ja. Ta gyaɗa kai.

"Ina ɗan kwikwiyon da ya ci mini yatsa?" Ammu Nashid ya shiga yana ruri. "Yau na zo ramuwa!"

Makari ya buɗe ido. Murmushi ya tsage masa leɓe. "Ammu. Ka zo da gaske."

"Da ƙarya zan zo? Miƙo hannun, kuma ka rufe bakin nan, na san halinsa."

Ya dangwala tambarin a tawada, ya manna shi sama kaɗan da filastar ƙarin ruwa. Gicciye ya fito tsaf, baƙi, mai kyau. Ya shiga dandannawa da gindin allura yana 'yar waƙarsa ta aiki. Ummu Makari ta buɗe baki za ta yi guɗa, ta tuna inda take, ta haɗiye.

"Shi ke nan. Mabruk, ango."

Makari ya ɗaga hannun da ƙyar ya kawo shi kusa da fuska. Ya daɗe yana dubawa.

"Bai yi zafi ba," ya ce.

"Hannuna ne ya ƙware."

"Na farkon ya yi zafi. Ya yi jini." Kafin wani ya motsa ya goga wuyan hannun a haɓarsa mai gumi. Ya sake dubawa. Gicciyen ya baje, ya zama dabbaren baƙi. "Tawada ce kawai." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ihu ciwo. "In sun zo yi mini wanka zai goge."

Uwarsa ta toshe baki da mayafi. Ammu Nashid ya sunkuyar da kai kamar ɓarawon da aka kama da akuya a kafaɗa. Makari ya juya wa bango fuska.

"Ku tafi."

Ilariya ta zube a kan gwiwoyinta a gefen gadon. Dabara ta ƙare, sai gaskiya, ita ma ta zo a makare.

"Makari, ka ji ni ko ba za ka juyo ba. Tambaya ta ukun nan tawa ce. Ba a Littafi take ba, ba Abuna ya ba ni ita ba. Ni na ƙaga ta don ku daina dambe a kan alewa. Babu mai cewa hannuwa sama a ƙofar nan. Amma biyun farko ba nawa ba ne, na same su ne yadda kai ma ka same su."

Sai can, daga jikin bango: "Ɗazu kin ce ba wasa ba ne. Yanzu kin ce ke kika ƙaga. Kin kawo Ammu ya yi mini ƙarya. Wanne zan ɗauka?"

Duk abin da ta tara na koyarwa, labarai, hotuna, waƙoƙi, babu ɗaya da zai tsaya a bakin da ya yi ƙarya sau biyu a yini guda. Ta ɗago idonta cike da hawaye, sai ya sauka a ƙarshen gado, a kan hannuwa biyu masu kaushin tanderu da ke riƙe da ƙafafun yaron.

"Kada ka ɗauki nawa ko ɗaya," ta ce a hankali. "Ummanka ta taɓa yi maka ƙarya?"

"Ta ce allura ba zafi."

"Ban da wannan."

"A'a."

"Ummu Makari, ranar da mota ta sauko da shi, an rufe shi da bargo har kai. Duk matan ƙauye suna tambaya ɗan waye. Ke ba ki tambaya ba. Da me kika gane shi?"

Matar ta dube ta kamar ta zage ta. "Wace irin tambaya ce wannan a irin wannan lokaci, Tasoni?"

"Ki amsa, don Allah. Shi za ki gaya wa."

"Da me na gane shi? Ƙafafu na gani."

"Duk ƙafafun da ke motar farare ne."

"To sai me? Ɗana ne!" Muryarta ta fashe. "Ni na san da me? Ina gaban tanderu na ji hon, cikina ya ce mini Makari. Na fito na ga ƙafa, na san tawa ce. Uwa alama take nema?"

Bargon ya motsa. Makari ya juyo da kai kaɗan.

"Ba ki duba hannuna ba, Umma?"

"Wane hannu, ɗan nema? Ina hannun yake a lokacin? Ni da na san ka tun kana harbina a ciki, tun wannan tsohon bai taɓa ka da allurarsa ba!"

"Gaskiyarta," in ji Ammu Nashid, yana jan hanci. "Shekara da shekaru kana yawo ba gicciye, kana cizon bayin Allah, ko sau ɗaya ba ta ɗauko ɗan maƙwabta ta ce kai ne ba."

"Ita haihuwarka kawai ta yi," in ji Ilariya. "Yesu kuwa shi ya yi ka. Har ƙafafun, har kunnuwan."

Idon Makari yana kan silin, ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri. Ilariya ta ji kamar an ɗora ta a kan sikeli. Nas Nagat ta leƙo za ta ce lokaci ya yi, ta ga fuskokinsu, ta saki labulen.

"To ni fa?" ya ce daga ƙarshe. "In na je, mutane da yawa, kowa da fararen kaya kamar 'yan dutse. Ni da me zan gane shi?"

Wannan karon ba ta ƙaga komai ba. "Ka tuna hoton Yesu da ke gefen bagade, wanda kake cewa yana kallonka duk inda ka zauna? Me ke hannunsa?"

Ya lumshe ido yana nema. "Ramin ƙusa."

"Har yanzu yana nan. Bai goge ba."

"Ashe shi ma an lalata masa hannu."

"Duka biyun."

"Ya fi ni, ke nan." Dariyar ta fito ƙarama, ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ki ce wa Abuna ya zo. Amma kada ya kawo turaren nan mai shaƙe mutum." Ya miƙa hannun wajen tsohon. "Ammu, sake buga mini. Na ɓata wancan. Don kyau kawai."

Ammu Nashid ya goge dabbaren da bakin rawaninsa, ya sake bugawa.

Da safe Abuna Bisada ya taho kai tsaye daga bagade, ko shayi bai kurɓa ba. Makari ya buɗe baki da kansa kamar ɗan tsuntsu, ya karɓi jibin Ubangiji. Kafin rana ta take tsaka ya cika, ƙafafunsa a hannun uwarsa.

Da aka zo yi masa wanka a gida, Ummu Makari ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa mazan, "Ku wanke ko'ina, amma kada ruwa ya taɓa wuyan hannun nan." Ilariya tana tsakar gida cikin mata masu baƙaƙen kaya, tana jin ta.

Juma'a ta zagayo. Ta daɗe a kan matakala kafin ta sauka ɗakin. Tana shiga yaran suka miƙe, ba wanda ya ce musu, hannuwan dama suka tashi sama. Ba ihu, ba dariya. Suna jira.

Wata 'yar ƙarama mai suna Febroniya ta ce, "Tasoni, Tadrus ya ce wai Makari ba zai shiga ba, don ba shi da abin ɗagawa."

"Ni ba haka na ce ba!" in ji Tadrus. "Tambaya na yi."

"Ku sauke," in ji Ilariya. "Kowa ya ɓoye hannunsa a baya. Ku canza wurin zama, kada wanda ya yi magana."

Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure idanunta da shi. Ta ji ƙarar benci da gurnanin dariyar da ake dannewa. Ta miƙa hannu ta fara bin layi tana dafa kawuna.

"Wannan warin albasar na Tadrus ne, ko a kabari na ji shi na san shi." Dariya ta ɓarke. "Wannan mai jan majina Febroniya ce. Wannan da ke riƙe numfashi don kada in gane shi, Bulus ne, saki kafin ka suma."

Ɗaya bayan ɗaya ta kira su, ba ta kuskure ko ɗaya ba, ajin yana ta tafi. Ta kai ƙarshen benci, inda iskar taga ke shigowa da ƙarar zarto daga can kan dutse. Duk canjin wurin da suka yi, babu wanda ya zauna a nan. Hannunta ya sauka, ya wuce inda kai ya kamata ya kasance, ya dafa katako.

Tafin ya tsaya.

"Makari," ta ce.

Febroniya ta ja bakin rigarta. "Tasoni, babu kowa a nan."

"Na sani," in ji Ilariya. Ba ta ɗauke hannun ba, ba ta kuma kwance ɗankwalin ba.